Ɗakin Kwano da Ɗakin Ƙanena

Shekarar da na fara koyarwa a Gwandu, cikin shekarun saba'in, na gina wa Inna ɗaki: bulon siminti, rufin kwano, taga mai gilashi. So nake ta ƙare rayuwarta a gidana, kowa ya san ni ne babban ɗa. Ta yi wata biyu a ciki tana sa mini albarka, sai ta ce za ta je Kalgo duba ƙanena. Shiru har damina ta kawo kai.

Na hau keke na bi sawu, raina a ɓace. Abin da na tarar ya ƙara mini haushi. Ƙanena, wanda ko fartanya sai an tashe shi yake ɗauka, ya yi mata ɗakin laka a gindin tsamiya. Ya saro kirya a daji ya kafa rumfa, ya ɗaura tsaiko da igiyar kaba, ya baibaye da ciyawa. Matarsa ta yi daɓe da makuba, santsi kamar bayan ƙwarya. Ga gadon kara, ga asabari a ƙofa, ga kututture biyu na zama. Na shiga ina neman aibi, sanyi ya rufe ni, ga ƙamshin sabuwar ciyawa. Wallahi kishi ya kama ni har wuya. Na ce gara za ta cinye shi kafin baɗi. Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Sai mu sake wani, Yaya, daji bai ƙare ba."

Inna na zaune a tabarma, ta miƙe ƙafa tana ɓarar gyaɗa. A ɗakina ban taɓa ganin ta miƙe ƙafa haka ba, kullum a takure take kamar baƙuwa.

Na durƙusa na ce, "Inna, na zo mu koma gida."

Ta ce, "Ɗakinka na da kyawo, ɗana, Allah shi yi ma albarka. Amma in rana ta take kamar tanda, in ruwa ya sauko ko kiran salla ban ji."

Na ce zan sa mata silin, zan dasa itace. Ta jinjina kai, har na fara murna.

Sai ta ce, "In ka tai, ka aiko min da randata. Nan ta fi sanyaya ruwa."

Ni da kaina na ɗauro randar a bayan keke.