Hannun Inna

Bayan yankan hatsi ne ɓarin jikin Inna ya shanye. Ta sunkuya za ta kawar da turmi, sai ta faɗi. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya karkace.

A gidan likita na Cadawa aka ba mu magani, aka ce mu riƙa motsa mata gaɓoɓi safe da yamma. Na raina maganar. Ni so nake ta miƙe rana ɗaya ta kira sunana. Na ɗauke ta a amalanke zuwa wajen wani mai magani a bayan Gangara, ta sha jiƙo har ta yi amai. Daga nan na ji an ce wasu manyan likitoci za su zo Maraɗi. Wata uku ina zarya tasha, ina tambayar direbobi ko sun iso. Inna kuwa tana kwance, yatsunta suna ta dunƙulewa. In na shiga ɗakin sai ta juya fuska bango.

Rannan yayarta, wadda muke kira Iya, ta zo daga Agiye. Ta kama hannun, ta kasa buɗe shi.

"Kai ɗan nan, me kuke jira?"

"Likitoci, Iya."

"To, su zo su iske itace."

Ta ɗumama man gujiya ta murza yatsun, Inna tana kuka, ni ma na fita bayan rumbu na yi nawa. Washegari Iya ta sa mata ƙwayar gujiya a tafin hannu ta ce ta riƙe. Ƙwayar ta faɗi. Kwana tara tana faɗuwa. Na ce, "Iya, azaba kawai muke ba ta."

"Kama mini kafaɗarta, ka yi shiru."

Haka muka yi ta yi. Inna ta riƙe ƙwayar, daga baya ludayi. Muka tsayar da ita jikin bango, ta yi taki ɗaya, wani makon ta yi biyu. Wata rana ta zame ta fasa goshi, muka koma farko.

Likitocin ban taɓa jin sun zo ba. Yatsu biyu sun riga sun sandare, har yau ba su buɗe ba, kuma na san watannin da suka tafi da su.

Da damina ta faɗi, Inna ta ja ƙafa da sanda har bakin randa. Ta ɗebo ruwa, rabi ya zube mata a zane, ta sha sauran.