Yashin Baba a Jikin Jirgin Bature

Shekara biyu na yi ina koyon wankin jiragen ruwa a hannun wani ɗan zangon Ghana, Asabar da Lahadi, sauran kwanakin kuma ina dakon kwalaye a sito har ƙuguna ya fara ƙara. Da na tara na sayi injin goge jikin jirgi nawa na kaina, kwastoma na farko mai tsoka da na samu wani dattijon Bature ne daga Irving Park, unguwar attajiran garin nan na Turawa. Ya ce in aikina ya yi masa, zai haɗa ni da abokansa na kulob, dukansu masu jirage ne. Ta nan nake sa ran in rabu da siton nan.

Jirgin ya yi hunturu a wata rumfa a McLeansville, can bayan gari, lulluɓe da tamfol. Ranar da zan je, surukina, Baba, yana gidanmu, ya zo daga Yawuri ganin jikarsa da aka haifa. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa kwalekwale a kogi. Yana jin an ambaci jirgi ya ɗauki hularsa, kafin in gama loda kaya har ya zauna a gaban mota. Na kalli matata, ita kuma ta ga babu abin kallo a duniya sai cikin tukunyarta.

Da na yaye tamfol, wari ya buge ni. Kujeru sun yi fumfuna, ɓera ya yi sheƙa a akwatin rigunan iyo, busasshen ganye ko'ina. Jikin jirgin shuɗi ne mai duhu, da layin gansakuka na bara a inda ruwa ke tsayawa. Irin jiragen nan ba katako ba ne. Wata fata ce mai ƙyalli a samansu, siririya, wadda ba a taɓa ta sai da sabulunta na musamman da tsumma mai laushi. Na miƙa wa Baba tiyo na ce ya ɗan watsa ruwa, don dai ya sami abin riƙewa, ni kuma na hau ciki na duƙufa kan kujeru.

Can sai na ji ƙurus, ƙurus, ƙurus. Na leƙo. Ashe Baba ya gano tulin yashin gini a bayan rumfar, ya ciko bokitina, ya yagi buhu, ya naɗe hannun riga yana dirzar jirgin mutane da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya ɗago yana murmushi ya ce haka suke cire gansakuka a gida, sabulu ai na masu lalaci ne.

Kun san abin da ya fito daga bakina? "Sannu da aiki, Baba."

Wallahi shi na faɗa. Ni da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ranar ɗaurin aure, ta ina zan fara ce masa ya daina? Sai na shiga kewaye-kewaye. Na ce ko za su huta, rana ta yi. Ya ce wannan ce rana? Na ce ga shayi a fulas. Ya ce sai ya gama. Na zagaya bayan rumfa na kira matata. Ta ce ni da nake wurin ban faɗa ba, ita ce za ta faɗa ta waya? In dai lallaɓa shi. Lallaɓawar ƙaniya! Kafin in dawo ya gama gefe guda, daga hanci har wutsiya, yana neman zagayawa ɗaya gefen, sai da na yi masa ƙaryar ruwa ya ɗauke.

Da jirgin ya bushe, shuɗin ya koma fari-fari, zane a kan zane, wani wurin har farce na shiga. Na kunna injin goge na bi shi awa uku, hannuna ya mutu, zanen na nan. Ina zagin kaina, ina zagin ranar da aka koya mini cewa shiru shi ne ladabi. Baba kuwa yana zaune a inuwa yana jan carbi, hankalinsa kwance.

Da la'asar Baturen ya iso. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya shafa jirgin da tafin hannu a hankali, ya tambaya wa ya yi wannan. Na ce ni ne. Daidai lokacin Baba ya taso ya tsaya kusa da ni, fuska a sake, yana jiran a yaba. Baturen ya kalli yashin da ya maƙale a hannun rigar Baba, ya kalli bokitin, ya girgiza kai. Ya ce in tattara kayana, zai nemi wanda zai gyara. Maganar kulob ko tayar da ita ban yi ba.

Baba ba ya jin Turanci, amma yana da ido. Muka kamo hanyar unguwarmu, Glenwood. Ina riƙe da sitiyari ina haɗa maganganun da zan sauke wa matata, tunda shi ba zan iya ba. Muna tsayawa a ƙofar gida ya hana ni buɗe mota.

"Tun yaushe ka san ɓarna nake yi?"

Na sunkuyar da kai na ce tun farko.

"Shi ne ka ce mini sannu da aiki. Ka bar ni da furfurata na tsaya gaban baƙo ina washe baki. Da ɗana ne kai, da ka riƙe hannuna."

Ya fita ya shiga gida. Ranar Litinin na koma sito.