Na'Allah, Mai Duba Bakin Karnuka

Kowace Lahadi, kafin kasuwar Filingue ta cika, Malam Na'Allah yakan shimfiɗa buhu a gindin gawon da ke bayan turken awaki, ya jera awartaki, allura da ruwan gishiri. Makiyaya da mafarauta su zo da karnukansu a ɗaure. Ya sa wa kare sanda a baki, ya kankare haƙora, ya wanke dasashi, ya cire wanda ya ruɓe. Ya yi ta jin gori: mutum da iliminsa na aikin dabbobi, yana sa hannu a yawun kare! Shi dai sai ya wanke hannu ya tafi masallaci.

A zamanin mulkin soja, haukan kare ya ɓulla a yankin nan na Kurfai, aka ba da umarni a harbe duk karen da aka ga yana dalalar da yawu. Iya Fati, wata gwauruwa a Damana, tana da kare guda mai tsare mata awaki daga dila. Karen nan shi ma ya daina ci, yawu na zuba. Jandarmomi suka iso da bindiga, Na'Allah yana tare da su.

"Ɗana, in kun kashe shi, wa za ya tsare mini bisashe?" in ji ta.

Na'Allah ya ce wa babbansu, "Ranka ya daɗe, a bari in duba. In hauka ce, ni da kaina zan ce a harbe."

Kowa ya ja da baya. Ya durƙusa ya buɗe bakin, yana sane cewa cizo ɗaya na iya zama ajalinsa. Ashe ƙashi ne ya maƙale a ganɗa, ya fasa haƙori har ya yi ruwa. Ya zare ƙashin, ya cire haƙorin, aka tsare karen a ɗaure har aka tabbatar lafiyarsa lau. Iya Fati ta ci gaba da kiwonta.

Kai ne, Malam, ka yi aikin da muke ƙyama alhali muna cin amfaninsa. Yau tsufa ya zo, ka ajiye awartaki. Mun gode, Allah ya saka. Ku matasan da kuka karanta aikin dabbobi, Malam yana gida, tunaninsa garau. Ku je ya nuna muku yadda ake buɗe bakin kare.