Awon Fuskar Baba

Shekara talatin da biyu Mai Walda ya yi yana haɗa wa mutane ƙofofi da tagogi, bai taɓa mallakar tabarau ba. Guntun baƙin gilashi yake maƙalawa a jikin kwali ya kare fuska. In kwalin ya ƙone, sai ya ƙanƙance ido ya ci gaba.

"Ido fa ba ƙarfe ba ne," in ji matarsa.

"Shi ya sa ba ya tsatsa," in ji shi.

Bai yi tsatsa ba, amma ya gaji. Aka kai lokacin da ko tsakar gida ya leƙo da rana, sai hawaye shaɓe-shaɓe. Ya rufe shago, ya koma ɗaki, labule a sake. Mutumin da a da ake jiyo dariyarsa daga bakin titi.

Auta, 'yarsa, tana shekarar ƙarshe a sashen ƙere-ƙere na kwalejin fasaha. Da aka ce kowa ya zaɓi aikin kammala karatu, ta ce tabarau za ta ƙera da hannu, na tagulla mai baƙin gilashi. Burinta ɗaya ne: Baba ya sake zama a ƙofar gida da hantsi. Ta auna fuskarsa da zare, daga kunne zuwa kunne, ta ƙulla.

"Baba, kunnenka na hagu ya fi na dama sauka."

"Nan nake saƙale alli. Ke kuma hancin nan, wa ya ara miki?"

Wata huɗu tana yanka, tana gogewa da zarto, yatsunta duk ƙanta. Malaminta ya juya tabarau ɗin ya ce hannu ɗaya ya karkace, ta daidaita ko ta rasa maki.

"Malam, fuskar ce haka."

Ta rasa makin. Sannan aka ce babu aikin da zai fita sai masu jarrabawa sun gani. Sati shida yana kulle cikin kabad. In ta buga waya gida, Baba ya ce garau yake, Mama kuwa ta sauya zance.

Ranar da ta kawo, ta tarar da shi a kwance, ciwo ya cinye shi. Ta ɗaga shi ta sa masa. Tabarau ya zame ta karan hanci ya faɗo a ƙirjinsa. Ta sake sawa, ya sake zamewa. Ta fashe da kuka.

"Kukan me? Miƙo min filaya."

Da lalube ya bi ƙarfen, ya matse nan, ya lanƙwasa can, yana hutawa tsakani. "Nan kin yi gaggawar guga. Amma haɗin ya yi, Auta." Ya sa, tabarau ya zauna daram.

Ita da Mama suka riƙo shi zuwa ƙofar gida. Ya daɗe yana kallon layin, ba hawaye. Can ya nuna gidan da ke tsallake.

"Ƙofar can ni na yi ta. Ku ce musu ta sha mai."

Sau uku ya samu zaman hantsin. A kwana na tara ya rasu.

Auta ta karɓi takardar shaidarta, tana ƙasan akwati, ba ta ko buɗe ta ba. Zaren take ɗaukowa. In ta gwada shi da tabarau ɗin, sai zaren ya zarce da faɗin yatsa biyu, iya ramar da Baba ya yi, ita kuwa ta zauna tana ƙirga sati shidan nan.