Ranar da Na Ja da Baya daga Hannun Baba

Akwai wani taku ɗaya da na yi da baya ina 'yar shekara goma sha biyu, a bakin hanyar da motar ma'aikata take tsayawa a unguwarmu ta Arlit, wanda ba na jin zai fita daga raina har ranar da za a binne ni. Taku ɗaya ne tak. Amma yau ga ni da 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙowa, kuma duk sanda ya faɗo mini a rai sai abinci ya fita kaina.

Babana mutumin Damagaram ne, aikin ma'adini ya kawo shi arewa tun ba a haife ni ba. A cikin rami yake aiki, can ƙarƙashin ƙasa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Ni kuwa na samu wuri na miƙe ƙafa. Duk ranar da yake aikin safe, la'asar tana yi ina bakin hanya ina jiran kar, wato doguwar motar da take kwaso su. Tana tsayawa, su fara sauka furu-furu da ƙura, ni ce ta farkon rugawa. In karɓi hular kwanonsa, shi kuma ya dafa kaina da wannan tafin hannun nasa mai kaushi, ya ɗan girgiza shi, ya ce, "Uwata, yau me kika dafa wa ɗanki?" Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro rabin burodin da ake ba su a wurin aiki. Kullum rabi yake ci, rabi nawa ne. Yayyena maza su yi ta ƙunƙuni, Inna ta ce, "Malam, za ka sangarta yarinyar nan." Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "A ina kika taɓa jin ɗa ya sangarta uwarsa?"

To, wata rana da hantsi sai ga baƙi biyu a lakwal, makarantarmu ta boko, da wani ɗan akwati da bai fi rediyo girma ba. Suka ajiye guntun bututun ƙarfe a kan teburin mushe, wato malaminmu, irin tsofaffin ƙarafan rami da ake sayarwa a kasuwa ana ƙera tukwane da ƙofofi da su. Da suka kai akwatin kusa da ƙarfen, sai ya kama ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana suyar gyaɗa a cikin yashi. Muka bushe da dariya. Mushe bai yi dariya ba. Ya ce akwai abin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana cin jiki a hankali, kuma yana iya biyo ƙurar rami. Ya ce 'ya'yan ma'aikata su kula, kada su rungumi kayan aikin iyayensu, kada su ci abin da ya kwana a aljihun kayan. Ni da nake zaune a layin gaba, mai rawar kai, mai son a ce ta fi kowa ganewa, na haɗiye maganar nan duka ban tauna ba.

Da la'asar na je bakin hanya kamar kullum. Wallahi ban tafi da niyyar komai ba. Kar ta tsaya, Baba ya sauko yana murmushi, ya miƙo hannun dama zai dafa kaina, na hagu kuma yana laluben aljihu. Sai na ga farar ƙura ta kwanta a layukan tafinsa, na ji ƙarar akwatin nan a kunnena. Kafin in san me nake ciki, wuyana ya noƙe, ƙafata ta ja da baya. Hannunsa ya tsaya a iska, ba kowa a ƙarƙashinsa.

Duk abokan aikinsa suna wurin. Wani amininsa Ba'abzine, direban babbar mota, ya so ya rufa mana asiri, ya ce da irin Hausarsa, "Kai, yarinya ya girma, yana jin kunya!" Aka ɗan yi dariya. Baba ya dubi tafin hannunsa, ya juya bayansa ya duba, ya goge shi a cinya. Ya mayar da burodin aljihu. Ya ce, "Mu je gida, Uwata." Ranar shi ya riƙe hularsa da kansa.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu, ka san unguwa. Inna ta ja ni madafa, ta kama kunnena ta murɗe. "Don ubanki, ƙyamarsa kike yi? Da ƙurar nan aka yi miki goyo, da ita aka saya miki littafin da kike yi mana iyayi da shi!" Ina kuka ina ba ta labarin akwati da abin da mushe ya ce. Ashe Baba yana alwala a bayan zana, duk ya ji. Ya leƙo ya ce, "Sake ta. Uwata ta yi gaskiya. Ai don ta san abin da ba mu sani ba muka sa ta lakwal." Na ji daɗi, na ɗauka magana ta mutu. Kaico, yarinta!

Washegari Baba ya kafa ƙusa a zaure, ya ajiye bokiti da sabulu. In ya dawo, a nan zai tuɓe kayan aiki ya rataye, ya wanke hannu har gwiwa, ya sa jallabiya, sannan ya yi sallama. Ya hana Inna taɓa kayan, shi yake wanke abinsa ranar hutu. Burodi kuwa sai ya biya shago ya sayo mini sabo a cikin leda, ya ajiye a kan taga, ya ce, "Uwata, ga naki can." Duk wannan daidai ne, ba ni da ta cewa, kuma maƙwabta da yawa sun yi koyi da shi. Abu ɗaya ne ya kashe ni: ko ya yi wanka, ko ranar Juma'a ce ya fito fes yana ƙamshin turare, bai sake ɗora hannunsa a kaina ba.

Na yi dabaru iri-iri. In zo in zauna a gefen tabarmarsa in sunkuyar da kai, wai ina gyara takalmi. In kawo masa shayi in daɗe a durƙushe. Sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka," hannuwansa a kan gwiwa. Me zai hana in buɗe baki in ce, "Baba, dafa kaina"? Kunya, da kuma taurin kan da na gado a wurinsa. Ina ganin shi ya kamata ya gane, shi kuma yana ganin kiyaye ni yake yi. Ranar da zan tafi karatu Agadas ya raka ni tasha, haka ranar da zan wuce Yamai. Duk biyun yana tsaye, hannuwansa a harɗe a baya, yana ta yi mini nasiha. Ni kuwa ko kalma ɗaya ban riƙe ba, hannun nake kallo.

Shekara goma sha huɗu muna haka. Ya bar aiki, ya ƙi komawa Damagaram, ya ce abokansa duk a nan suke, na raye da na kwance. Sai tari ya kama shi. Ko ramin ne, ko ajali ne kawai ya zo da sanadinsa, Allah ne masani. Inna ta kira ni ta ce, "In za ki zo, ki zo." Kwana biyu na yi a hanya.

Na same shi da hantsi a ɗakinsa, an jingina shi da matashi, ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Ya ce, "Uwata, kin sha hanya." Na durƙusa, ban yi shawara da kowa ba, na kamo hannunsa na dama. Sai na ji ya fizge. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofin ruwa, ya janye hannunsa da sauri ya ɓoye a ƙarƙashin zane. Ya ce, "A'a, Uwata, ban wanke ba."

Shekara shida rabonsa da rami.

A nan na ga abin da na yi. Na ji abin da ya ji a bakin hanya, sai dai shi a gaban mutane ya ji nasa, kuma ya yi shiru da shi. Na fashe da kuka, na ce, "Baba, ko ka wanke ko ba ka wanke ba, yau sai ka ba ni." Na zaro hannun da ƙarfi, na ture ɗankwalina, na ɗora shi a tsakiyar kaina na danne da hannuwana biyu. Da farko ya sandare. Can sai na ji yatsun sun saki, sun ɗan girgiza kaina kamar da. Inna tana bakin ƙofa ta juya baya tana share ido da gefen zane. Baba ya ce a hankali, "To, yau me kika dafa wa ɗanki?"

Kwana uku na samu. Kowace safiya in zo in sa kaina, shi kuma ya ɗora. A na huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ban ce mushe ya yi ƙarya ba, kuma ban ce tsoron da na ji laifi ne ba. Jiki yakan zabura ba tare da ya nemi izinin mai shi ba. Laifina shi ne shirun da na yi bayan nan. Abin da na koya, kuma nake gaya wa 'ya'yana, shi ne: in ƙafarka ta ja da baya daga mai ƙaunarka, ka mayar da ita gaba kafin rana ta faɗi, ka faɗa masa da baki abin da ya tsorata ka. Ni da na tsaya jiran ya gane, sai na sayar da shekara goma sha huɗu a kan kwana uku. Allah ya jiƙan Baba. Wallahi har gobe, in na ji kar ta tsaya da la'asar, sai in ji tsakiyar kaina tana jira.