Wuƙar da ke Bayan Jigidata

Ranar kasuwar Birnin Kudu ce, bayan an gama zuba dawa a rumbu, shekarar da ta gabaci annobar mutuwar shanu, Iya ta ɗaure mini hannuwa ta baya a gaban rumfar maƙera. Iya kakata ce, mahaifiyar Babanmu, ni kuwa lokacin ban fi shekara goma ba. Muna isa ta sauke tabarmin da ta ɗauko a ka, suka gaisa da maƙerin, wani dattijo mai suna Tanko, sai kawai ta kwance igiyar ramar da ta ɗauro tabarmin da ita, ta juya ni, ta haɗa wuyan hannuwana ta tamke. Wayyo Allah! A wancan zamani yaron da ya ga igiya a hannunsa cikin kasuwa ba sai an yi masa bayani ba. Na ce shi ke nan, sayar da ni za a yi. Na tsala ihu, fitsari na neman kufce mini, mutane suka fara tsayawa suna kallonmu. Iya ko gezau. Ta dungure mini kai ta ce, "Rufe mini baki, Dije. Wa zai saye ki da wannan cin naki? Ai sai ya yi asara."

Sai ta ce wa Tanko ya miƙo wuƙaƙensa masu naɗewa, irin waɗanda ruwansu ke komawa cikin ƙota kamar askar wanzamai. Ta riƙa danƙa mini su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu, ta baya, inda ba na gani, tana cewa in buɗe. Ta farko ta fatake ce, an kawo ta daga Kano, ƙotarta na sheƙi da farin ƙarfe. Tun kafin a ɗaure ni na ƙyalla ido na gan ta, raina ya biya. Na yi na yi da babban yatsa ta ƙi motsi, da ta tashi buɗewa kuwa sai ta ce ƙas, har mai rumfar gaba ya waiwayo. Iya ta ce a mayar, mai surutu ce, kuma ko ba surutu ba ta talaka ba ce. Ta biyu sako-sako take, ta buɗe da wuri, amma ina danna ta a kan igiya ta rufo ta datse mini yatsa, na ji ɗumin jini yana bin tafina. Ta uku mummuna ce ta gaske, ƙotar ƙahon akuya, baƙin ruwa, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. Na tura da yatsa ta buɗe shiru, ta tsaya ƙyam. Na goga, na goga, ina kuka ina majina, har igiya ta tsinke. Duk da haka Iya ba ta gamsu ba. Ta karɓa ta sassari guntun icen ƙirya da ita, ta soka tsininta ta ɓanɓare ɓawo, ta ɗaga kaifin a rana tana neman inda ya karye ko ya lanƙwashe, ta sa Tanko ya ƙara buga ƙusar da ke riƙe da ruwan. Sannan ta tura masa tabarmin nan, ya karɓa ba gardama. Ta ce wuƙar talaka ke nan, wadda ɓarawo zai gani ya tsallake.

A hanyar komawa ne ta gaya mini dalili, tana tafe ba ta dube ni ba. Asalinmu mutanen Gwaram ne. Tun kafin a haife ni mahara suka sauko daga duwatsun kudu suka sami mutanen gidanmu a gona. Iya ta faɗa cikin dawa ta kwanta, tana kallo aka kama 'yarta, Goggo Hansai, budurwa, aka ƙwace laujen da ke hannunta, aka ɗaure ta ta baya da igiyar rama, aka jera ta da waɗansu aka yi kudu da su. Igiya ce ba wata mai kauri ba, in ji Iya, irin wadda ake ɗaure akuya da ita. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarta ba. Shi ya sa suka taso suka dawo bayan ganuwar Birnin Kudu, kusa da duwatsu, ashe ko nan ɗin ba a tsira ba. Da muka iso gida Iya ta ɗaura mini wuƙar a jikin jigidata, ta baya, ƙarƙashin zane, daidai inda ɗaurarren hannu yake kaiwa. Ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Daren nan da kwanakin da suka biyo baya, in na rufe ido Goggo Hansai nake gani, wadda ban taɓa sani ba.

Amma fa kada a ɗauka ajiye wuƙar nan aka yi ana jiran mahara. Ina! Ta ci wuya. Da ita nake yankan kaba a fadamar hanyar Surko, kabar da Iya ke saƙa tabarma da faifai da ita, abin da ke kawo mana gishiri da kanwa. Da ita nake yanka kuɓewa a shanya, in fere kabewa, in ɓare rama, in yanko wa awaki ciyawa, in cire ƙaya daga ƙafa. A makarantar allo yara maza layi suke yi mini in feƙe musu alƙalamin kara, ina ja musu aji, ba na yarda kowa ya taɓa. In mun gaji da carafke sai in sassaƙa wa ƙawayena 'yar tsana da karan dawa, har da kitso. Duk ranar Juma'a Iya takan karɓa ta wasa ta a dutse, ta ɗiga man kaɗanya a gindin ƙusa, ta buɗe ta rufe a gefen kunnenta tana saurare. Wani lokaci ina cikin daka sai in ji an cafke hannuwana ta baya, ta ce buɗe. Haushi kamar ya kashe ni. Sai dai tsoron ya fi haushin, don ba mu da wasan da ba ma yinsa da kunne ɗaya a waje. Kare ya yi haushi, kowa ya yi tsit. Tsuntsaye su tashi daga kurmi gaba ɗaya, mata su fara laluben 'ya'yansu. In rani ya shigo, rafuka suka ƙafe, hanya ta buɗe, to barci sai rabi.

Ranin da ya biyo baya Inna, mahaifiyata, tana da tsohon ciki, haihuwa ko yau ko gobe. Baba yana can aikin gyaran ganuwa tare da sauran maza. Da hantsi ina tankaɗe, sai muka ji ganga daga birni, irin kiɗan da ba a rawa da shi, sannan kururuwa ta biyo daga gonaki. Ƙofar gari ta yi mana nisa, kuma mun san kafin Inna ta ja jiki ta kai an rufe. Iya ta kama hannunta ɗaya na kama ɗaya muka nufi duwatsu. Akwai wani kogo da muke wasan ɓuya a ciki, bakinsa ƙarami, sai an sunkuya, cikinsa na warin kashin jemage. Da kyar muka tura Inna. Muna shiga ta durƙusa, ta riƙe dutse, ta dubi Iya, Iya ta dube ta. Ko ni da nake yarinya na gane. Gudun nan ya tayar da naƙuda.

Ban taɓa jin tsoro irin na wunin nan ba, kuma har na tsufa ban sake ji ba. Ta tsagar dutse ina hango hayaƙi yana tashi daga wajen gidajenmu. Can ƙasa muryoyin maza, suna kiran juna da harshen da ban sani ba, wani lokaci nesa, wani lokaci kamar a ƙarƙashin ƙafata. Inna ta cusa gefen zanenta a baki ta cije, gumi na zuba, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, amma ko nishi mai ƙarfi ba ta yi ba. Ni kuwa na toshe bakina da hannu biyu don haƙorana sun ƙi daina haɗuwa. Wajen azahar yaro ya faɗo, namiji, mabiyiya ta biyo. Iya ta zare zare daga bakin zanenta ta ɗaure cibiya, ta miƙo mini hannu. Na ciro wuƙa na ba ta. Allah Sarki, tsohuwar nan da ba ta taɓa nuna mini tsoro ba, hannunta rawa yake yi, ta kasa buɗewa. Na karɓa na tura da yatsa, na mayar mata, ta yanke. Sai yaron ya buɗe baki ya callara kuka. Sau ɗaya ya yi, Inna ta danna shi a ƙirji, amma a kogon nan kukan ya yi amo kamar an buga ƙwarya. Muryoyin ƙasa suka ɗauke. Muka sandare, ina kallon bakin kogo ina jiran in ga ƙafar mutum. Ko ba su gane daga ina ya fito ba, ko sun ɗauka kukan rema ne, 'yar dabbar nan ta duwatsu, Allah kaɗai ya sani. Can muka ji sun ci gaba da maganarsu, tana nisa, tana nisa. Ba mu fito ba sai da muka ji muryar Baba yana kiran sunayenmu da la'asar, muryar ta dishe.

Mun sami ɗakuna a tsaye, amma rumbu ya zama toka, awaki babu ko ɗaya. Aka yi suna ba rago, yaro ya ci sunan kakansa, kowa kuwa Na-Kogo yake ce masa. Wuƙata ba ta dawo jigidata ba. A gidanmu ƙarfen da ya yanke cibiya shi ke kwana a kan jariri har a yi arba'in, don mayu da iskoki, kuma Iya ba ta wasa da wannan. Ta buɗe ta ta ajiye a saitin kansa. Ga shi ba hatsi, mai jego na bukatar kunun kanwa, Baba kullum yana neman itacen wankan jego, abin da zai kawo mana tsaba kuwa tabarma ce, tabarma kuma sai da kaba. Na ɗauki igiya zan tafi fadama, Iya ta tare ƙofa. Ta ce ba wuƙa, ba daji. Na ce to a sa wa Na-Kogo wuƙar girki na safiya ɗaya, ai ƙarfe ƙarfe ne. Ta yi mini wani kallo ta ce, "Wanda ya raba shi da uwarsa shi ya san shi. Ke kuma ba ki taka daji da abin da za a gani a ƙwace." Komawa wurin Tanko kuwa ba ta taso ba, ba mu da abin ba shi.

Sai ta riƙa zuwa da kanta, da wuƙar girki a hannu. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, ta ce masa ya ji da itacensa. In na bi ta zuwa bakin shinge ina ƙunƙuni sai ta yi dariya ta ce, "Koma gida, uwar tsoro. Wa zai wahalar da igiyarsa a kan tsohuwa? Ni ba ni da kasuwa." Kullum in ta fita nakan hau kan turmi ina leƙen hanya har in hango damin kaba yana tafe a kan ciyawa, sannan in sauko in yi kamar ban damu ba. Saura 'yan kwanaki a yi arba'in ta fita da sassafe. Rana ta take, ta karkata, ina kan turmi. Ba a buga ganga ba ranar, ba wanda ya ji kururuwa. Baba da maƙwabta suka bi sawu, suka sami damin kaba an fara ɗaurewa ba a gama ba, da sawun mutane da yawa sun yi kudu. Sun bi har inda ƙafa ke iya zuwa suka dawo. Baba ya yi shekaru yana tambayar fatake da waɗanda aka fanso, ko sun ga wata tsohuwa mai tsagen Gwaram, mai faɗa. Ba wanda ya gan ta.

Ranar arba'in Inna ta ɗauke wuƙar daga kan Na-Kogo, ta rufe, ta ɗaura mini da hannunta, muna kuka mu biyu. Na yi aiki da ita har na yi aure, har na yi jikoki, har ruwanta ya sirance saboda wasawa, kuma ba a sake ɗaure ni ba. Yanzu ganuwa ta zube, awaki ke hawa kanta. Mata na zuwa fadama su kaɗai suna waƙa, manomi ya kwana a bukkar gonarsa ya yi minshari. Jikokina kan sayo wuƙa a kanti don ƙyallinta, ta karye a wata guda su jefar su sayi wata, in na ce su gwada ta tukuna sai su yi mini dariya, su ce tsohuwa da rigima. Ina barinsu, don dariyar tasu ta fi mini komai daɗi, mu ba mu samu mun yi irinta ba. Na-Kogo ya tsufa ya rasu a ɗakinsa, na san kabarinsa, na san na Inna da na Baba. Iya ce har yau ban san inda zan nuna in ce nan take kwance ba.