Kambas ɗin da na sayo wa Yaya Garba

Jiya muna kwashe kayan yayana marigayi Garba a Kiyako, sai ga tsohon kambas a ƙasan adakarsa, naɗe cikin tsumma.

Ni na sayo masa shi daga Kano, zamanin da kwalta ke sabuwa a wajenmu. Yaya Garba ba ya gudu da takalmi, amma daga Birnin Kudu har Gwaram ba mai shan gabansa. Ranar tseren zaɓen wanda zai wakilce mu a Kano, na dage sai ya saka.

Ya ce, "Habu, ƙafata ba ta san shi ba."

Na ce, "Haba Yaya, so kake 'yan birni su yi mana dariya?"

Ya saka don kada in ji kunya. Kafin rabin hanya takalmin ya saɓule masa fatar dunduniya. Da ɗingishi ya ƙarasa, a bayan waɗanda ya saba bari. Gona ya koma, bai sake shiga tsere ba.

Har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini gori ba. Ni ma ban taɓa ce masa ya yafe mini ba.

Jama'a, yaya ake ba wanda ke kabari haƙuri?